Jawabin Magatakardan Limam A Kan Rafin Bayan Zango

An yi wannan jawabi a zauren Sarkin Zango, bayan sallar La'asar.

Ina gaida Sarkin Zango, da Malam Limam, da iyayenmu malamai, da 'yan kasuwa maza da mata. Malam ne ya umurce ni in yi muku magana a kan rafin nan da ke bayan zango, tun damina ba ta kankama ba.

Jama'a, zan fara da labarin Mokwa, wani gari a Jihar Neja ta Nijeriya, inda fatake masu kai wake da albasa kudu suke yada zango. Ran 29 ga watan Mayu, 2025, aka kwana ana ruwa. Kafin gari ya waye ambaliya ta share Unguwar Hausawa da Tiffin Maza. A kwanakin farko kaɗai an ƙidaya gawa fiye da 150, cikinsu har da almajirai, banda waɗanda suka ɓace. Da farko mutane suka ce madatsar Kainji ko ta Jabba ce ta fashe. Sai ma'aikatar ruwa ta ƙasar ta bayyana cewa madatsun lafiya lau suke. Ruwan sama ne ya yi yawa, ya biyo wani ƙaramin reshe na rafin Dingi wanda yake bushe galibin shekara, ya tarar an tare masa hanya da gine-gine.

To, ku dubi namu. Da rani yara suna ƙwallo a cikinsa, akuya tana tsallake shi. Wannan shi ya sa muka raina shi. Amma garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, babu gangaren da zai kwashe ruwa da sauri. In kwalbatin bakin kasuwa ya toshe da leda da yashi, ruwa ba shi da wurin zuwa sai tsakar gidajenmu. Kuma ba lalle sai an yi ruwa a kanmu ba. Ana iya yinsa can gabas, mu muna barci, ya iso mana da tsakar dare. Bara ma ni da kaina na kwashe tabarmin masallaci ruwa yana kai mini idon sawu. Mutanen Ankara kuwa ba su manta da ran 3 ga watan Yuni, 2015 ba, sa'ad da rafin Odaw ya cika ya batse. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da Sarki da Malam suka shirya.

Na fari, ran Lahadi da hantsi kowane gida ya ba da mutum ɗaya da shebur ko kwando, mu yashe rafin daga kwalbati har bayan makabarta.

Na biyu, daga yau rafi ba bola ba ne. Iyayenmu mata, ku tsawata wa yaran da kuke aika zubar da shara.

Na uku, maganar da ta fi nauyi. Akwai rumfuna da ɗakuna da aka gina a bakin rafin, waɗansu ma a cikinsa. Masu su 'yan'uwanmu ne, da guminsu suka gina, ba mu tara ku don a kunyata kowa ba. Sarki zai zauna da su a nemi wani wuri. Amma kada wanda ya ƙara aza bulo ko ɗaya a nan. Malaman da almajiransu ke kwana a zaurukan gefen rafi, a mai da yaran tudu tun yanzu.

Na huɗu, za a shafa jan fenti a jikin kwalbati. Samari biyu za su riƙa dubawa duk daren da aka yi hadari. In ruwa ya taɓa jan nan, ladan zai yi shela da lasifika, kowa ya ɗauki yara da tsofaffi ya nufi makarantar tudu. Kada a tsaya ɗaurin kaya. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana kada ƙato.

Masu masara da goro, ku ɗora buhuna da huhuna a kan katako, takardun gida kuwa a ƙulle su cikin leda a rataye.

Allah ya jiƙan mutanen Mokwa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a bakin kwalbati ran Lahadi. Haza wassalam.