Nama, Ganye da Aikin Ƙoda



Kun tuna ma'aunin pH na ajin kimiyya? Na jininmu yana tsakanin 7.35 da 7.45. Nama, kifi da ƙwai suna ɗauke da sinadaran metiyonin da sistin, masu farar wuta. Idan hanta ta sarrafa su sai su bar tsami, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Zogale, alayyahu da lemo kuwa aikin kanwa suke yi, suna kashe tsamin. Lafiyayyar ƙoda tana iya wannan ɗawainiya, amma hawan jini da ciwon sukari suna raunana ta a ɓoye. Saboda haka kada tsire ya kori miyar ganye daga gidajenmu. Mai ciwon ƙoda dai ya fara tuntuɓar likita, domin ganye yana da fotashiyam da yawa.

Allah ya ƙara mana lafiya.