Iskar ɗaki da barcin ɗiyanmu: jawabin malamin lakkol a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, ranku ya daɗe. Ƴan'uwa ƴan bida da kuka zo daga Maraɗi, da Kano, da Agadas, da Libiya, sannunku da hanya. An ba mu dama mu faɗi abin da muke gani a lakkol, to ga shi.

In watan Disamba ya kama, hunturu ya buso ta kwarin Tarka, kilas ɗinmu yakan sake. Yara su zo idanu jajaye, wannan na tari, wancan na riƙe da kai. Kafin ƙarfe goma ka ga ɗan CM2 da ya iya lissafi yana gyangyaɗi bisa tebur. A gida sai a ce ragwanci ne, a ɗauko bulala. Mu kuwa in mun matsa kusa da shi, ƙaurin hayaƙi muke ji a rigarsa. Yaron ya kwana a ɗaki, amma bai samu barcin kirki ba.

Kun san yadda daren ɗari yake a Dakoro. A ja ƙyaure, a cusa tsumma a taga, a shigo da garwashi cikin kasko, uwa da ɗiya biyar ko shida su kwanta. Abu biyu ke taruwa a ɗakin nan. Na farko numfashinmu ne. Duk fitar numfashi muna zubar da wata iska da a makarantar horon malamai aka koya mana da sunan gaz karbonik. A fili ba ta wuce wajen kashi 420 cikin miliyan ba, masana kuma suna so kada ta haura 1,000 a cikin ɗaki. A ƙasar Danmak an auna ɗakunan kwanan ɗalibai, aka buga sakamakon a 2016. Da aka rufe ɗaki ruf, ta wuce 2,000, alhali mutum ɗaya ne a ciki. Da aka bar iska ta shiga, barcinsu ya fi kyau, kashegari ba su jin kasala sosai, kuma sun fi ƙoƙari a jarrabawar tunani da aka yi musu. Mutum ɗaya ke nan, iyayenmu. Ku lissafa na bakwai.

Na biyu ya fi muni. Gawayi ko icce da ke ci inda iska ta yi kaɗan yana fitar da monoksid na karbon. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari balle ya tada mai barci. Yana kama jini ya hana shi ɗaukar iskar da ƙwaƙwalwa ke bukata. Kaɗan daga cikinsa shi ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya na safiya. In ya yi yawa, mutum ba ya farkawa. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya nuna, shi ma yana fitar da shi. Don haka muke roƙo, a ji ɗumi a tsakar gida ko a bakin ƙofa, amma kasko ya kwana waje. Wanda ya tashi yaro ya same shi a galabaice, ya fito da shi fili tukuna, sa'an nan a yi likita da shi.

Hayaƙin girki kuma nasa aikin a hankali yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 suka mutu a 2020 saboda hayaƙin cikin gida, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba, yawanci da ciwon huhu. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura wuta, tare suke shaƙa. Murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, da aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, suna rage cin icce, amma ko da su a rumfa ya kamata a yi girki. Sanƙarau ma, da ya yi mana ɓarna a 1995, lokacin ƙura da cunkoson ɗaki ya fi so. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya irinsa guda, sauran ire-irensa suna nan.

Yanzu gare ku, ƴan bida. Ku ke aiko kuɗin gini, mun gode. Sai dai ɗakin bunu na kakanninmu yana numfashi ta rufinsa, shi kuwa ɗakin siminti da kwano ba ya yi. Magini ya bar taga ɗaya kamar tafin hannu don tsoron ɓarawo, a sa mata ƙyauren ƙarfe, shi ke nan an yi randa. Ku ce masa taga biyu, suna kallon juna, da ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, inda iska mai zafi ke taruwa. Sandunan ƙarfe su tsare ɓarawo, gidan sauro ya tsare sauro, ba sai an kunna maganin sauro mai hayaƙi a kan yara ba. Kuma in za ku zo da tsaraba cikin ɗari, bargo ya riga rediyo amfani.

Ba muna yabon zana ba ne don a bar yara cikinta. Mun tuna gobarar kilas na zana a Yamai cikin Afrilu 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamba 2021, kowace ta ci yara fiye da ashirin ko kusa da haka. Kilas na gini muke so, mai tagogi gefe biyu, a buɗe su ko da ƙura, musamman lokacin fita shan iska.

Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wannan ba ya cin ko dala. Muna roƙon dattawa biyu da magini ɗaya su bi mu gida gida kafin ɗari ya sauka, mu duba ɗakunan da yara ke kwana, a fara da waɗanda ba su da taga ko ɗaya.