Jawabi Kan Ziyarar Da Za Mu Kai Badagry



An umurce mu da mu yi wa jama'a bayani a kan tafiyar da ake shirin yi zuwa Badagry. Da yawanmu a nan Ikko aka haife mu, wasu ma har da iyayensu, amma in ka ce wa yaro a Agege ko Idi-Araba ya kwatanta maka teku sai ya yi shiru. Kasuwa muka sani, sai tasha. Bar Beach da dattawa suka saba zuwa shan iska ranar sallah kuwa an cike ta da yashi, an gina Eko Atlantic a wurin.

To, me ya sa Badagry? Garin yana kan hanyar Seme, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, akwai rairayi fari da itatuwan kwakwa iya ganinka. Amma ba iska kaɗai za ta kai mu ba. Daga nan ne Bature Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ajali ya riske shi a 1827. Wato tun kafin mota akwai hanya tsakanin wannan gaɓa da ƙasarmu.

Wannan hanya kuwa ba kaya kaɗai aka bi da su ta cikinta ba, har da mutane. Za a nuna mana ɗakunan tsare bayi na gidan Seriki Abass, da sarƙoƙin da ke ajiye a gidan Mobee. Daga nan mu shiga jirgin ruwa mu haye Gberefu, mu taka da ƙafa har bakin teku, inda ake cewa wanda ya kai nan ba ya komowa. Cikin waɗanda aka loda daga wannan yanki akwai Hausawa, har ma a Bahia ta ƙasar Birazil bayi Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807. Gaskiya ɗaya ce, jama'a: cikin masu sayarwar ma akwai fatakenmu. Gara yaranmu su ji haka daga bakinmu. Sai a 1852 sarakunan garin suka sa hannu da Ingila kan daina cinikin. Akwai kuma tsohon benen 'yan mishan na 1845, mai sha'awa ya leƙa.

Mutanen garin Egun ne, masunta. Suna da dodonsu Zangbeto, mai tsaron gari da dare. Ba addininmu ba ne, ba a kuma ce kowa ya tsaya kallo ba. Amma don Allah kada wani matashi ya yi masa dariya, kada a ɗauki hoton kowa sai da izini. Baƙi muke a can, a nan ma da arzikin zaman lafiya muke ci.

Saura batun ruwa, a nan ne muke roƙon iyaye mata su buɗe kunne. Teku ba kogin Kaduna ba ne, ba kuma kududdufin bayan gari ba. Igiyar wannan gaɓa tana da ƙarfi, in ta bugo ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, akwai kuma wuraren da ruwan ke ja zuwa ciki alhali samansa lumui. Gwanayen iyo ma yana cinye su. Saboda haka mun yanke: ba mai wuce gwiwa, ba mai shiga da babbar riga, kowane yaro da babban da ke riƙe da shi. A jirgi kuma sai an ba kowa rigar hana nutsewa, in babu, ba mu hawa.

A taho da ruwan sha da tabarmar salla, don rana tana da zafi. Mai niyya ya ba sakatare sunansa da yawan yaransa kafin a kama mota.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalam.