Ƙaramar Wayar Salula Za Ta Iya Zama Allon Yaƙi Da Jahilci, In Ji Wani Tsohon Hedimasta

Wani tsohon hedimasta ya yi kira ga 'yan Arewa mazauna biranen Kudu da su riƙa aika wa iyalansu saƙo a rubuce ta wayar salula, kada su tsaya ga kira kaɗai. Ya yi wannan kira ne cikin wata lacca da ya gabatar a garin Kumbashi na masarautar Kontagora, Jihar Neja, gaban 'yan asalin yankin da suka zo gida yin Sallah daga Ikko da Badun da Fatakwal. Ga abin da laccar ta ƙunsa.

Bayan ya yi sallama ya gode wa dattawan gari, malamin ya fara da tuna wa jama'a Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye, Kamfanin Gaskiya na Zariya kuma yana buga musu littattafai. Ya ce dubban mutane sun koyi karatu a wancan zamani, amma da yawa daga cikinsu sun mance bayan 'yan shekaru. Dalili kuwa, in mutum ya gama aji ya koma gona, ba wasiƙa, ba jarida, ba abin da zai tilasta masa duba baƙi, to lalle karatun zai zube kamar ruwa a kwando.

Ya ci gaba da cewa abin da aka rasa a da, yau ga shi cikin aljihun kowa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, da wuya a sami gidan da babu ƙaramar waya mai madannai da tocila, wadda cajinta kan kai kwana uku ko huɗu. A jikinta akwai baƙaƙe da lambobi, kuma ba ta bukatar intanet kafin ta kai saƙo.

Daga nan sai ya kawo misalin maƙwabtanmu na Jumhuriyar Nijar. A 2009 ƙungiyar agaji ta Katolika da ake kira CRS, tare da wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Tufts a Amurka mai suna Jenny Aker, suka fara wani shiri mai suna ABC a jihohin Dosso da Damagaram. An bi diddigin ƙauyuka 113. A kowane ƙauye an ɗauki ɗalibai 50, maza 25 mata 25, ana koya musu karatu da rubutu da lissafi cikin harshensu, watau Hausa ko Zabarmanci. Tsarin karatu ɗaya ne a ko'ina. Bambancin kawai shi ne, a kusan rabin ƙauyukan an ƙara musu darasin waya: yadda ake kunna ta, yadda ake gane baƙaƙe da lambobi a jikinta, yadda ake kira, da yadda ake rubuta saƙo a kuma karanta shi. Kowane mutum biyar aka ba su waya ɗaya su yi tarayya.

Da aka yi jarrabawa, in ji malamin, sai ɗaliban ƙauyukan da aka koyar da waya suka fi sauran maki a rubutu da lissafi. Bayan wata bakwai da rufe aji aka sake gwada su, aka tarar har yanzu suna kan gaba a lissafi. Ya ce babu wani asiri a cikin wannan. Wanda ya iya rubuta saƙo yana da dalilin yin rubutu kullum: zai tambayi farashin gero a kasuwa, zai gai da ɗan'uwansa da ya tafi cin rani, kuma saƙo ya fi kira araha. Aji na 'yan watanni ne, amma waya tana tare da shi rani da damina.

Sai dai ya gargaɗi jama'a da kada su ɗauka waya za ta ɗauke wa malami aikinsa. Ya ce a 2014 an sake wani gwaji a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda kowane mako ake buga waya ga malamin ajin manya, da mai gari, da ɗalibai biyu, ana tambaya ko an yi karatu. Ba a ƙara wa malamin ko sisi ba, amma sanin cewa akwai mai bibiyar aikinsa ya sa ɗalibansa suka ƙara ƙwazo. Haka kuma a ƙasar Botsuwana, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, wata ƙungiya mai suna Young 1ove ta yi aiki da iyalai kimanin 4,500. Wasu an riƙa aika musu da tambayoyin lissafi a rubuce kowane mako, wasu kuwa aka haɗa musu da kiran waya na kamar minti ashirin. Saƙo shi kaɗai bai tsinana abin kirki ba. Yaran da aka haɗa wa saƙo da muryar mai koyarwa su ne suka ci gaba. Saboda haka, in ji shi, waya allo ce kurum, allo kuwa sai da malami.

A nan ne ya juyo kan baƙin da suka zo daga Kudu. Ya ce ku da kuke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, ku ne a ɗaya bakin zaren. Da yawanku kun bar mata da iyaye a gida waɗanda ba su iya karatun boko ba. In kun aiko da kuɗi, sai an nemi wani yaro ya duba saƙon banki, ko a dogara ga abin da mai cirar kuɗi ya faɗa. In maigida yana da maganar da ta shafi shi da matarsa kaɗai, sai ta bi ta idon wani na uku, kamar yadda a da ake kai wasiƙa wurin mai karanta wa mutane. Ya ce asirin gida da dukiyar gida duka suna cikin hatsari muddin uwargida ba ta iya karanta layi biyu da kanta ba.

Shawarar da ya bayar ita ce, kowane magidanci ya tabbata matarsa ta shiga ajin manya ko Islamiyyar da ake haɗawa da boko, sa'an nan ya riƙa aiko mata da gajeren saƙo da Hausa kowace rana, ya kuma nemi ta ba shi amsa da hannunta, ko da kalma uku ce. Kada ya yi mata dariya in ta yi kuskure. Ya fara da abin da ta sani: sunayen 'ya'yanta, adadin kuɗin da ya aiko, ranar da zai dawo. Ya kuma roƙi ƙungiyoyin 'yan gari da ke Kudu, waɗanda ba su gaza wajen tara kuɗin jana'iza da na biki ba, da su ware wani abu don alawus ɗin malamin aji, da katin waya, da ƙaramin faranti mai caji da hasken rana. Sakataren ƙungiya kuma ya riƙa kiran malamin da mai unguwa duk mako, kamar yadda aka yi a Maraɗi.

Malamin bai ɓoye matsaloli ba. Ya ce yawancin ƙananan wayoyi ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, don haka sabon ɗalibi kan rikice tsakanin ƙasa da kasa, ko ɓari da bari, sai malami ya nuna masa yadda zai gane ma'ana daga sauran maganar. Akwai ƙauyukan da sai an hau tudu kafin a sami layi. Mafi muni kuma shi ne rashin tsaro. Ya tuna yadda aka sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, abin da ya sa iyaye da yawa suka ji tsoron tura 'ya'yansu makaranta, da yadda aka toshe layukan waya a Jihar Zamfara cikin watan Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ya ce in hanya ta rufe, waya kan iya riƙe karatun yaro na ɗan lokaci, amma wajibi ne Gwamnati ta tsare makarantu, ta biya malamai, ta kai layin waya karkara. Ya nemi wakilan jama'a a majalisun jiha da na tarayya su sa wannan magana a gaba.

Daga ƙarshe ya roƙi kowa, in ya koma bakin aikinsa, saƙon farko da zai aiko gida na cewa ya sauka lafiya ya zama a rubuce. Aka rufe taron da addu'a.