Bayan lisans sai ina? Jawabi ga masu sha'awar karatun gini



An ce in yi muku magana kan karatun injiniyan gini, amma bari in fara da damina. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. Gidajen da suka zube a Maraɗi a wannan damina kuwa, kun fi ni sani. To, ga aikin da ke jiran wanda ya zaɓi wannan fanni.

Hanyar a taƙaice take. Bayan bak akwai IUT ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai EMIG a Yamai. Lisans shekara 3, masta ƙarin 2. Mai son fita waje yana iya duba 2iE a Wagadugu, mai son zanen gini da tsarin birni kuma EAMAU a Lome. Takardun neman tallafi a ANAB, ku shirya su da wuri.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: kada ku shiga masta ba ku taka shantiye ba. Lokacin da na je koyon aiki, lissafin ƙarfe yana kaina tsaf, amma wani tsohon magini ne ya damƙi yashi ya nuna mini laka ta yi masa yawa. A aji an koya mana cewa kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa. Ba a koya mana abin da za mu ce ba ranar da mai kwangila ya matsa a cire katako da wuri, ko a rage buhun siminti. Ni dai ran nan shiru na yi, har yau abin yana ci mini rai. Da rufin ya faɗo, ai ba a kan mai kwangilar zai faɗo ba.

Kuma in kun tashi zaɓen batun bincike, don Allah ku dubi ƙasa. Mun ɗauke ta ginin talaka, alhali hasumiyar masallacin Agadas, mita 27, da ita aka yi. Masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun yi sabon masallaci da bulon ƙasa da inji ya matse. Yawanci ruwa ne ke cin bangon ƙasa ta gindi, in babu harsashi mai kyau da magudana, ko ta kai in indararo ya toshe. Wannan matsala ce ta injiniya, kuma ta isa a rubuta kundin masta a kanta.

Ƙannena mata, misalin Dandaji da ku nake. Wanda ke son ganin yadda ake haɗa takardun shiga, ya same ni bayan la'asar.