Asibitin Garinmu a Zamanin Canjin Yanayi



Shekara da shekaru, in aka yi zancen taimakon asibitin garinmu, abin da ke faɗo mana a rai shi ne katan-katan na magani, da fenti, da allon da za a rubuta sunan mai bayarwa. Ba mu raina wannan ba. Sai dai yanayin da aka yi ginin nan dominsa ya sauya, ginin kuwa yana nan yadda yake.

Mu fara da damina. A shekarar 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har cikin asibitin koyarwa na Maiduguri. In irin wannan babban asibiti bai tsira ba, ina ga namu da ke zaune a kwari? Yana buƙatar magudanar ruwa, a ɗaga daɓen ɗakin ajiyar magani, a kuma nisanta masai da rijiya, domin ta nan cutar amai da gudawa ke shigowa.

Bazara ce ta fi damunmu. Zafi kan haura digiri 40, ga rufin kwano ba silin, sai majinyaci ya gwammace tabarma a gindin bishiya da gadon asibiti. Kakanninmu da suka yi soro mai kaurin bango sun fi mu sanin rana. Silin, da farin fenti a kan kwanon, da layin darbejiya ta yamma da ginin, ba su kai kuɗin walimar biki guda ba.

Babbar magana ita ce wuta. Yawancin alluran rigakafin yara ana adana su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. In firji ya mutu, allura na iya lalacewa ba tare da ido ya gane ba, a yi wa yaro, uwa ta koma gida da zaton an kare mata ɗa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, janareta ya zama na ganin dama, har takan kai ungozoma ta karɓi haihuwa da fitilar waya. Alhali rana ba ta yi mana rowa ba. Akwai firjin sola da ba ya buƙatar batir: da rana yake haɗa ƙanƙara a jikinsa, ita ke riƙe sanyin har gari ya waye. Solar nan kuma za ta iya jawo ruwan burtsatse zuwa tanki.

Amma fa mun sha ganin faifan sola da ƙurar hunturu ta rufe, ba mai gogewa, an ce ya lalace. Saye ba ya yi mana wuya, kulawa ce ke gagararmu. Don haka muke roƙo, cikin kowace naira goma da za a tara bana, a ware biyu a asusun gyara, a kuma koya wa matasa biyu mazauna gari aikin, a riƙa ba su ɗan alawus. Muna so kwamiti ya kawo ƙiyasin kuɗin kafin taronmu na Babbar Sallah, don a gama magudanar tun ruwa bai sauka ba.