Abokin Tarayya na Uku: Lacca a Kan Tururuwa, Itace da Fumfuna



Mu da muka tashi a ƙasar Zamfara, tun daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, mun saba ganin tururuwa tana hawa tana sauka a jikin auduga da wake. Ba yawon banza take yi ba. Idan muka juya ganyen auduga, za mu ga wani ɗan gurbi a kan jijiyarsa mai tsatso ruwan zaƙi. Tururuwa takan sha, sa'an nan ta kori tsutsar da ta zo cin ganye. Wato cuɗe ni in cuɗe ka.

To, a kurmin ƙasar Kamaru wannan zumunci ya fi haka zurfi. Akwai wata itaciya, Leonardoxa, mai kogo a cikin ƙananan rassanta, inda wata 'yar tururuwa take kwana, take renon 'ya'yanta, tana tsaron sabon toho. Masana sun daɗe suna ɗaukar cewa tarayyar ta mutum biyu ce. Alhali tun farkon ƙarni na 20 ake ganin baƙin tabo a cikin irin waɗannan koguna, ana wucewa. Sai a shekarar 2009 masu bincike daga Faransa suka nuna cewa tabon fumfuna ce rayayya. Tururuwa tana zuba mata shara ta zama taki, tana kuma ciyar da 'ya'yanta da ita, itaciyar ma tana samun rabonta na takin. Ashe su uku ne a gidan.

Kada mu ce abin na nesa ne. A cikin surin da ke bakin gonakinmu, gara ma fumfuna take nomawa, ita ce take fitowa naman kaza da damina.

Jama'a, ga inda zancen ya shafe mu. Gobe wasunmu za su zama malaman gona, su ne za su ba da umurnin feshi, su ne za su hana ko su ƙyale ƙunar daji. Wanda ya kashe tururuwa don ya ga ƙwaro ce, lalle bai san ma'aikata nawa ya sallama ba. Saboda haka kafin mu feshe gona, mu durƙusa mu juya ganye, mu ga wa ke aiki a ƙarƙashinsa.